Faɗuwar Daular Ingila a Idon Majigi

Duk wanda ya zauna ya kalli tsofaffin finafinan da Turawan Ingila suka ɗauka a Nijeriya, waɗanda yawancinsu ke ajiye a taskokin birnin Landan, zai ga daula tana tsufa a gaban idonsa. Sai dai wajibi ne mai nazari ya tuna cewa mai mulkin ne ya riƙe na'urar ɗaukar hoton, shi ne kuma ya zaɓi inda za a kafa ta.

Mu fara da Palaver, fim marar sauti wanda Geoffrey Barkas ya shirya a 1926 a tsaunukan Filato. A nan daular ba ta jin kunyar kowa. Labarin na wani Di'o ne da Baturen haƙar kuza da wata ma'aikaciyar jinya. Mutanen ƙasa kuwa, Sura da Angas, an mai da su gayya mai ɗauke da makamai, ana jiran Bature ya zo ya kwantar da tarzoma. Mai shirin bai ga wata bukatar kare mulkin mallaka ba, domin a zamaninsa ba a tuhumar mulkin.

A 1949 murya ta sauya. Daybreak in Udi, wanda ya ci kyautar Oscar a 1950, ya nuna Di'o Chadwick, wanda ya fito a matsayin kansa, yana taimakon mutanen wani ƙauye na ƙasar Ibo su gina ɗakin haihuwa. Abokin gaba yanzu wani dattijo ne mai riƙon al'ada. A ganina alamar rauni ke nan. Daular da ta fita daga Indiya a 1947 ta fara neman hujjar zamanta, ta ajiye bindiga ta ɗauki allo da magani. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Hotunan hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956 su ne suka fi ruɗin mai kallo. Ga dawaki da lifidi da sulke, ga 'yan jahi suna sukuwa suna cira hannu, mai sharhi yana fassara duk wannan da biyayya ga gadon sarautar Ingila. Alhali kuwa shekara uku ta rage Jihar Arewa ta sami mulkin kai, shekara huɗu a sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Ikko. Ita kanta kalmar daba daga Indiya Turawa suka zo da ita, suka ɗora ta kan hawan da sarakunanmu suka gada. Ba mu jin muryar ko mahayi ɗaya a cikin hotunan. Muna ganin fuskarsa cikin rawani, wani can yana gaya mana abin da ke zuciyarsa.

Amma abin da daular ta bari ya fi fitowa a majigi, watau sinimar da ake kai wa jama'a a mota, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba. William Sellers, ma'aikacin lafiya a Ikko wanda ya shugabanci sashen finafinan ƙasashen mallaka da aka kafa a 1939, ya ɗauka cewa Baƙar fata ba zai fahimci hoto mai sauri ba. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'ida: a tafi a hankali, a maimaita, a nuna mai wayo da wawa, tafinta kuma yana tsaye yana bayani. An rufe sashen a 1955, amma salon bai mutu ba. Dattawa har yanzu suna tuna Baban Larai, mai koyar da noman zamani. Bayan 1960 motar majigi ta ci gaba da zaga ƙauyuka, na'ura tana kafe a inda take, sai dai inda dā ake ganin Gwamna yana buɗe asibiti ko gada, sai aka koma ganin Sardauna da ministocinsa, talakawa kuma suna nan a gefe suna tafi.