Yabon Ɗan Kuturu: Sharhi a kan Ma'aunin Kyaututtukan Kare Muhalli

A shekarar 2018, gidauniyar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin ta karrama mutum biyu saboda farfaɗo da ƙasar noma a yankin Sahel. Na farko shi ne Yacouba Sawadogo, manomi daga arewacin Burkina Faso, wanda ya inganta tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba musu taki, su riƙe ruwan sama. Na biyu kuwa Tony Rinaudo ne, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, wanda ya yi zama a Maraɗi. Aikin da aka yaba masa ya faro ne a 1983, wato sai da aka shekara 35 kafin alƙalai su ce madalla. Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A nan biyar kaɗai suka rage a cika. A ganina wannan jinkiri shi ne ma'auni mafi inganci da alƙalin irin wannan gasa yake da shi, kuma shi ne galibin kyaututtukan da ake rabawa a wajenmu suka rasa.

Duk wanda ya taɓa cike takardar neman lambar yabo ta kare muhalli ya san tambayoyinta: itatuwa nawa aka dasa, mutum nawa suka halarta, ina hotuna, ina rahoto da Turanci. Dukkansu ranar dashe suke aunawa. A Bungudu mun sha ganin wannan rana. A kafa rumfa cikin watan Agusta, babban baƙo ya naɗe hannun riga ya dasa darbejiya, ɗalibai su yi tafi, a watse. Daga nan sai damina ta ɗauke, hunturu ya shigo, a saki awaki bayan kaka, zafin bazara ya biyo baya. Wanda ya koma wurin a watan Afrilu yakan tarar da allon sanarwa tsaye, ramukan kuwa wayam. Amma lambar yabo ta riga ta hau bango, domin alƙalan ba su tambayi Afrilu ba.

Cutar ba tamu ba ce mu kaɗai. Ranar 11 ga Nuwamba 2019, ƙasar Turkiyya ta yi bikin dasa itatuwa miliyan 11, amma bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun bushe, gwamnati kuma ta musanta. Haka shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Zamfara ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna an gyara kimanin hekta miliyan 4 ne daga cikin miliyan 100 da aka ƙudura.

To, me aka yi a Maraɗi da ya ɗore? Shi ma Rinaudo da dashe ya fara, kuma mafi yawan abin da ya dasa ya mutu. Daga baya ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututture ne masu rai, saiwoyinsu na can ƙasa tun zamanin da wurin yake daji. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko 'yan kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga gatari da bakin dabba. Sabara da kalgo da gawo suka tashi da kansu, ba ban ruwa, ba sayen dashe. Manoman can suna kiran dabarar sassabin zamani. Gawo kuwa, kowane manomi ya san halinsa: yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. A shekarun 2000, da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Yanzu a ɗauki wannan aiki a ɗora shi a kan takardar gasarmu. Itatuwan da aka dasa: babu ko ɗaya. Taron ƙaddamarwa: babu. Rahoto da Turanci: babu. Aikin da ya fi kowane girma a Sahel zai faɗi tun zagayen farko. Idan ma'auni ya kayar da wannan ya ɗaga ramukan Afrilu, ai laifin na ma'aunin ne.

Akwai kuma tambayar da ban taɓa gani a irin waɗannan takardu ba: itacen na wane ne? A Nijar, doka ta daɗe tana ɗaukar itatuwa a matsayin mallakar hukuma, manomi na iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa, don haka ya gwammace ya kawar da shi tun yana tsiro. Sai da wannan riƙo ya sassauta mutane suka fara reno. Itacen da ba shi da mai shi rabon akuya ne, kuma alƙali na iya gane makomarsa tun ranar farko, in ya tambaya.

Ko kyautar 2018 ɗin ma ban wanke ta sarai ba. Ta yi haƙuri, amma ta nemi fuska ɗaya da za ta rataya wa lamba. Rinaudo ya cancanta, kuma shi da kansa yakan mayar da yabon ga manoma. Sai dai a ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Aguié, kwamitin gari ne, da mata da makiyaya a ciki, ya kafa ƙa'idar sara yake kuma tsare ta. Irin waɗannan kwamitoci su ne ƙashin bayan aikin, amma tsarin gasa ya fi sabawa da sunan mutum guda.

Za a iya cewa ƙungiyar matasa a Gusau ba za ta jira shekara 35 ba, kuma kuɗin kyauta ne zai ba ta ƙarfin somawa. Gaskiya ne. Amma wannan tallafi ne, a kira shi da sunansa, a bayar da shi tun farko. Lambar yabo shaida ce, ba a kuwa shaidar abin da bai faru ba tukuna. Rani uku ya isa a bambance mai reno da mai biki. A ƙirga abin da ke tsaye bayan rani na uku, sannan a buga ganga.

Saura matsalar da ta keɓanta da mu. Alƙali ba zai shiga ƙauyukan Tsafe ko na cikin Bungudu ba a wannan hali na 'yan bindiga, kuma ban ga laifinsa ba. Sakamakon dai shi ne ayyukan bakin kwalta kaɗai ake gani, manomin da ya raya gawo hamsin a gonar da yake zuwa da fargaba kuwa ba ya cikin lissafi. Hoton tauraron ɗan'adam, wanda ya tona asirin Maraɗi, ba ya tsoron hanya. A haɗa shi da shaidar mai unguwa, da ta matan da ke neman itacen girki, domin su ne suka san ko tafiyar da suke yi ta ragu ko ta ƙaru.