Fina-finan Nijar da labarin mai dawowa gida

A kowace fada ta Yamai, da zarar shayi ya hau wuta, da wuya a rasa mai riƙe da waya ana leƙen fim, ko na Kano, ko fassarar Indiya, ko na Turkiyya mai dogon zango. Ban ga laifin kowa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in ka ambaci Oumarou Ganda, yawancin samari gidan raya al'adu na CCOG suka sani, ba su taɓa ganin aikin mai sunan ba. Alhali kusan duk irin fim ɗin da rai ke so ƴan ƙasar nan sun yi shi, kuma in ka jera su za ka tarar labari ɗaya suke ta juyawa, na wanda ya yi tafiya ya dawo.

Mai son kaboyi ya nemi Le Retour d'un aventurier da Moustapha Alassane ya yi a 1966. Jimmy ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafuna da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, wani ya zama Black Cooper, Zalika Souley ta zama Reine Christine, suka hau dawakai suka hana ƙauyensu sakat. Da dariya ake fara kallo, kafin a ankara wasa ya koma tashin hankali. A shekarar ce kuma Alassane ya zana Bon voyage Sim, katun na ƴan mintoci, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya je ziyara maƙwabta aka tarbe shi da fareti. Yaro zai ga kwaɗi, babba ya ga shugabanninsa.

Wurin Ganda na fi daɗewa. Shi da kansa ya yi yaƙin Indocin a rundunar Faransa, sannan ya yi dako a Abijan, inda Jean Rouch ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir. Shi ya sa fim ɗin Ganda Cabascabo ke da ɗaci na gaske: tsohon soja ya dawo Yamai da ɗan abin hannunsa, abokai suka yi masa rumfa, kuɗi na ƙarewa kowa ya watse. A fim ɗinsa Le Wazzou polygame kuwa, wani Alhaji ne ya dawo daga Makka ya ƙwace budurwar wani ya yi ta uku, kishi ya kai gidan ga kisa. Fim ɗin ne ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. A cikinsa Zalika ta fito a muguwar kishiya, har mutanen gari suka kasa raba ta da matar cikin fim. Rahmatou Keïta ta bi sawun rayuwarta a Al'lèèssi, kuma ita ce ta yi Zin'naariyâ a 2016, labarin soyayyar wata ƴar sarauta da ta dawo Damagaram daga karatu a Faransa.

Cikin fina-finan gaskiya, waɗanda babu ɗan wasa a ciki, Koukan Kourcia na Sani Magori ya fi shiga raina. Waƙoƙin Zabiya Hussey ne suka tura mazan yankinsu ci-rani, har da mahaifin Magori da ya yi zamansa a Abijan. Sai ɗan ya ɗauki tsohuwar zabiyar ya kai ta can, don bakin da ya kori maza ya kira su gida. Duk gidan da ke jiran wani daga Kwaddibuwa ko Libiya zai gane wannan fim ba tare da fassara ba. Aïcha Macky ma ta cancanci zama na musamman, da L'arbre sans fruit kan matan da ba su samu haihuwa ba, da Zinder na 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara.

Matsalar ita ce samunsu. Mai tura fim a waya ba ya da su, kuma wasu an fi ganinsu a bukukuwan Turai fiye da Yamai. Ina roƙon gidan talabijin na ƙasa da masu kula da CCOG su ware dare ɗaya a mako, a kafa majigi a fili, a fara da Cabascabo.