Kowa Haka Ya Tuna, Amma Ba Haka Ba Ne

Kafin ka ci gaba, ɗauki biro ka rubuta abu uku da ka, ban da leƙen waya: sunan man goge bakin nan da muke ce wa makilin kamar yadda yake a jikin kwali, sunan tsohuwar jaridar Hausa ta Zariya, da cikakken sunan keken da kake hawa daga Kwaciri zuwa Sabon Gari. Ka rubuta? To, mu duba.

Na farko Macleans ne, da "s" a ƙarshe. In ka bar ta, kana da abokai da yawa. Na biyu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. In ka rubuta "Tafi Kwabo", ka sauya ma'ana: "tafi" na tafiya ne, "ta fi" kuwa wakilin suna ne da aikatau, kalma biyu. Na uku A Daidaita Sahu, jumla ce sukutum ta umarni, sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Keken ne ya ci sunan shirin. Masu ƙera shi, irin su Bajaj da TVS, suna can Indiya.

Wannan abu, wato mutane da yawa su haɗu a kan tuna abu ba yadda yake ba, Turawa sun laƙaba masa sunan Nelson Mandela. Dalili shi ne wasu sun dage cewa sun tuna ya rasu a kurkuku, alhali an sake shi a 1990, ya mulki Afirka ta Kudu, bai rasu ba sai a Disambar 2013. Su misalansu su ne KitKat, da mutane ke tuna shi da karan ɗori a tsakiya alhali babu, da attajirin wasan Monopoly da ake tuna shi da tabarau na ido ɗaya wanda ba ya sanye da shi.

Mu namu ya fi zuwa ta kunne. Sunan kaya a bakin mai kanti muke fara jin sa, kafin mu taɓa karanta kwalin. Hausa kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe, sai ta raba su da wasali, ta yar da na ƙarshe: Macleans ya koma makilin. Ranar da aka ce ka rubuta asalin sunan, ƙwaƙwalwa sai ta ɗinka maka shi daga abin da kunne ya ajiye, kai kuma ka rantse haka ka gani. Da yake harshenmu ɗaya, kuskuren ma iri ɗaya yake fitowa, kowa ya zama shaidar ɗan'uwansa.

Haka asali ma yake ɓacewa. Bata da ɗan adaidaita yake kira sunan kamfanin takalma ne da aka kafa a 1894 a garin Zlin na ƙasar Cek ta yau, ba shi da haɗi da "ɓata" mai lanƙwasa. Kasuwar Singa daga Singer ne, masu keken ɗinki. Indomie da yara suka ɗauka tamu ce, daga Indunusiya ta samo asali, "mie" ɗin ma taliya yake nufi a can. A harkar fim kuwa, Turmin Danya shi ne fim ɗin 1990, Tumbin Giwa kuma ƙungiyar da ta shirya shi a Kano. Sunayen sun yi kama a kunne, shi ya sa suke saurin musanyuwa.

A nan nake da ja da mutum biyu. Na ɗaya, mai yi wa mutane dariya don sun ce makilin ko magi. Malam, ba kuskure suka yi ba. Aro ne da aka hausantar, kamar burodi da makaniki, har ma'anar ta faɗaɗa: duk garin wanki omo ne, duk dunƙulen miya magi. Haka "ɗan adaidaita" a haɗe ya zama suna, ya zauna daram.

Na biyu, wanda in ka gyara masa sai ya ce, "Ai kowa haka yake rubutawa." Yawan masu faɗa yana kafa kalma a harshe, wannan gaskiya ne. Amma ba ya sauya sunan da mai abu ya raɗa wa abinsa, ba ya sauya tarihi. Ɗalibin da ya sa "Magana Jarice" a kundinsa maimakon Magana Jari Ce ya yi kuskure biyu a wuri ɗaya: ya ɓata sunan littafi, ya kuma karya ƙa'idar raba "ce" da kalmar da ta gabace ta. Wanda ya kwafa daga wurinsa kuma ya zama sabon mai shaida.

Saboda haka, in Hausa kake, ce makilin abinka ba kunya. In sunan kamfani, littafi, jarida ko fim za ka rubuta, kada ka dogara da "na tuna". Juya kwalin, buɗe bangon littafin, ka gani da idonka. Gani ya kori ji.