Rabi'atul Adawiyya a Alƙalamin Attar

Galibin labaran da ake bayarwa game da Rabi'atul Adawiyya, waliyyiyar Basra wadda ta rasu wajen 801 Miladiyya, daga Tazkiratul Auliya na Fariduddin Attar aka samo su, littafin da aka wallafa kimanin shekara 400 bayan rasuwarta. A ganina, Attar ya cika son karamomi. Har ya nuna ta tana ƙure Hasanul Basri da hujja, alhali Hasan ya rasu a 728, tana yarinya. Gadon da ta bari kuwa ya fi waɗannan hikayoyi nauyi: a bauta wa Allah don ƙaunarsa, ba don tsoron wuta ko kwaɗayin Aljanna ba. Wannan ya kamata malamai su fara koya wa ɗalibai.