Jinjina ga Masu Zayyanar Allo

A cocin Chartres da ke Faransa akwai tagogin gilashi masu launi tun ƙarni na 13. A ƙananan majami'un Ingila ma, iyalai kan biya a yi irin wannan taga don tunawa da wani nasu. Mu a cikin birnin Kano, abin tunawarmu mai launi a jikin itace yake: allon zayyana.

Duk wanda ya tashi a unguwar Sheshe ya san ranar sauka. Yaro ya sha babbar riga, ya rungumi allon da aka rubuta Fatiha da farkon Baƙara, an kewaye su da ado. Ana yi wa yaro barka, ana yi wa malam godiya. Ni kuwa, wanda ya zana allon nake son yi wa jinjina, don da wuya a ji an ambace shi.

Shi ne ke wanke allo ya goge shi ya yi sumul, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya fiƙe alƙalamin gamba. Baƙi na harafi ne, ja na wasali, ɗigon rawaya na hamza, bisa ruwayar Warshu da muka gada. Sannan ya shiga gefe: da'ira, dagi, layuka masu sarƙewa, babu surar mutum ko dabba. Kuskuren ɗigo ɗaya kan sa ya wanke aikin yini guda.

Allona yana nan rataye a ɗakin mahaifiyata. Jan ya ɗan koɗe, baƙin kuwa har yau raɗau yake.