Ƙwarya da Katan: Nazari kan Kai Abin Sha Gidan Mutane a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya yi sallama a wani gida a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba za a tambaye shi abin da ke tafe da shi ba sai an dire masa ruwa. A da ruwan randa ne a moɗa, yanzu na leda ne, mai sanyi in an yi sa'ar wuta. Idan gidan da hali sai fura ta biyo baya, wadda Bakabe ke kira hura. Abin ya zama jiki har ba a lura da shi, amma a kansa aka gina duk wata ƙa'ida ta abin sha tsakanin gidaje a nan: shayarwa haƙƙin mai gida ne. Baƙo ƙafarsa ya kawo, ita ma ta isa a gode masa. Mutumin da ya shigo zauren abokinsa da abin da zai sha a hannu kamar ya ce ne bai yarda da randar gidan ba.

A Amurka da Ingila a juye abin yake. Wanda aka gayyata cin abinci shi ke riƙo kwalba. Tun 1978 da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida, ƙananan masu dafawa suka yawaita a Amurka, kowa da salon ɗacinsa da ƙanshinsa, mashaya kuma suka rabu gida-gida. Daga nan rigimar ladabi ta taso. In baƙo ya kawo tasa mai tsada, dole ne mai gida ya buɗe ta a take? In ta yi saura, ya ɗauke abarsa ko ya bari? In aka miƙo masa ta babban kamfani, wadda yake rainawa, ya karɓa ko ya kauda kai? Sana'ar ta iso Nijeriya ma, domin Bature Brewery ta fara a Abuja a 2017 kafin ta koma Legas. A Birnin Kebbi da Argungu kuwa giya ba abar kai wa mutum gida ba ce. Birnin Kebbi, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci da yaƙi a 1805, wanda yau shi ne mazaunin Sarkin Gwandu, ya daɗe da yanke hukunci a kanta kafin ma jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara wajen shari'a a shekarar 2000. Burkutun da mata ke dafawa da dawa sai can kudancin jihar, wajen ƙasar Zuru, kuma wannan wani zance ne daban. Sai dai a cire giya a sa kunu a gurbinta, tambayoyin nan uku duk muna da su, kuma kakanninmu sun riga sun amsa su.

Amsar farko ita ce abin sha aikensa ake yi. Shi ya sa wanda ke son ganin al'adar da idonsa sai ya tsaya bakin layi a Shiyar Fada ko Makerar Gandu cikin Birnin Kebbi da la'asar sakaliya cikin watan azumi. Yara ne ke ta giftawa da kwanon sha da jug da kula, wasu har yanzu da ƙwarya an rufe da faifai. Yarinya ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce, "Ga shi in ji Inna, ta ce a ba Baba shi yi buɗa baki." Matar gida ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Madalla, Allah shi saka, ki ce muna godiya." Ba za ta buɗe ta leƙa a gaban yarinyar ba, don leƙawa auna kyauta ne. Za ta juye, ta wanke kwanon, ta sa wani abu a ciki, ko ƙosai ne, ko dabino uku, ta ba 'yar aike tukuici. Kwano ba ya komawa wayam. Idan babu abin sakawa a ranar, gara a riƙe kwanon har gobe da a mayar da shi haka.

Mai kallo daga waje zai ce musaya ce kawai, kunu ya tafi ƙosai ya dawo. Matan da ke cikin abin sun san lissafi ne mai tsawo da ba a rubutawa. An san gidan da ya fara aikowa bara, an san wanda ya daina bana, kuma daina aiko kunu sanarwa ce da ta fi baki ƙarfi. Akwai kuma sanin daidai. Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Matar da ta aika wa maƙwabciyarta mai ƙaramin ƙarfi kula cike da kunun gyaɗa da madara kullum ta ɗora mata nauyin ramawa, ko da da kyakkyawar niyya ta yi.

Tambayar saura kuwa ba ta ma tasowa. Abin da ya shiga gida ya zama na gidan. Mai gida ya ga dama ya sha, ya ga dama ya ba almajiri, ba mai bin sawu.

Inda al'adar ta fi zurfi shi ne wajen ɗanɗano, kuma a nan ne nake ganin ba mu san darajar abin da ke hannunmu ba. Bature ya shinshina kofinsa ya faɗi irin ganyen da aka sa, sai a ce masani ne. Tsoho a Argungu ya kai ludayi ɗaya baki ya ce, "Wagga hura, hannun wa na?" wani lokaci ma ya ba kansa amsa kafin a ba shi. Ya san geron bana da na bara. Ya san wanda aka surfa da kyau da wanda aka bar dusa, ya san dakan turmi da niƙan inji, ya san ko citta ta danne kanumfari da masoro. Ya san dawon da aka dafa ya nuna aka kirɓa shi har ya yi danƙo, da wanda aka yi wa gaggawa. Sai nono: kindirmon da Bafillatana ta shigo da shi da safe daga ruga, mai maiƙo a sama, ba ɗaya yake da tsala da aka cire wa mai ba, balle wanda aka haɗa da garin madara da ruwa. Wani yana son damu mai gaya, ya sha ruwan ya tauna na ƙasa, wani sai an dama ta yi sumul. Da yawa daga tsofaffi sukari a fura ɓata ta ne a wurinsu. Furar zamani da ake markaɗawa a inji da yogot da kwakwa tana da daɗinta, ni ma ina sha, amma duk wanda ya kai wa dattijo ita ya shirya jin, "Wanga ai na yara na."

Kunun zaƙi ma haka. Asalin zaƙinsa daga tsiron hatsi ko busasshen dankali yake fitowa, sukari daga baya ya shigo. Abin lura shi ne da tsiron hatsin ne ake fara burkutu ma. Tsawon lokacin da aka bar abu ya tsima, da niyyar mai yi, su suka raba hanyar. Wannan ne ya sa mace mai kula ba ta aika kunun zaƙin da ya kwana a zafi ya fara kumfa, ko da bai kai ga sa maye ba. Sunanta ne a cikin jug ɗin.

Akwai wuraren da ake kai abin sha da ƙafa ba aike ba, kuma duk wuraren larura ne: dubiya, barka, gaisuwar rasuwa. A gidan makoki maƙwabta ke ɗauke wa masu gida nauyin kunun safe, ba wanda ke tambayar daɗinsa. Mai jego kuwa kunun kanwa ne nata, kuma a nan al'ada tana da tambayar da za ta amsa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa da shan kanwa da wankan jego mai tsananin zafi. Har yau mai jego ba ta iya ce wa surukarta ta ƙoshi.

Sai katan ya shigo. An fara cika kwalbar Coca-Cola a Nijeriya a 1953, Maltina ta fito a 1976. Abin dariya, kamfanin Nigerian Breweries da ya fitar da giyar Star a 1949 shi ke yin Maltina, wato abin shan da ya fi kowane shiga gidan malamai da na surukai a Arewa daga gidan giya yake fitowa. Bayansu Five Alive da Chivita da Hollandia suka cika kanti. Ba zan bi masu cewa lalaci ne kawai ya kawo wannan sauyi ba, domin katan ya warware matsaloli na gaske. Ba ya lalacewa a hanya. Namiji na iya saɓa shi a bayan babur ba tare da jin kunya ba, alhali ba zai ratsa gari da ƙwaryar fura ba. Uwa uba, a rufe yake. A gidan da ake zaman doya da manja tsakanin kishiyoyi, ko tsakanin suruka da matar ɗa, kunun da aka aiko sau da yawa a makwarara yake ƙarewa saboda tsoron sammu, ana ta godiya a baki. Gwangwanin da ba a fasa ba ya fi ƙarfin zargi. A shekarar da amai da gudawa suka ɓarke kuma, tsoron ruwan da aka dama da shi ba camfi ba ne.

Ni kaina na koyi darajar katan da tsada. Lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, na shirya sauka gidan wata gwaggona. Na sa aka yi mini kunun aya da dabino tun asuba, na ce zan kai mata abin da ya fi na kanti. Tafiyar ba ta wuce awa guda ba a ranar da hanya ke sake, amma ranar biki ce, ga cunkoso ga rana, ƙanƙarar ta narke tun kafin mu yi nisa. Kunun aya ba ya yafe wa zafi. Da aka buɗe jarkar sai ta yi tsaki. Gwaggo ta shinshina, ta mayar da murfi, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ka sha ruwa tukun." Ta sa aka damo mini fura. Ba ta sake ambaton jarkar ba, ni ma ban tambaya ba. Da muka isa kogin Matan Fada na ga masunta suna iyo a kan manyan goruna da homa a hannu, sai na tuna duman da ake fafe ƙwaryar fura shi ne wannan. Bikin ma asalinsa karɓar baƙo ne, domin a 1934 Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya shi don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Duk da haka ina da ƙorafi kan katan, kuma ba ƙarami ba ne. Kowa ya san kuɗinsa. Fura ba a cewa ta nawa ce, sai dai a ce ta wa ce. Katan kuwa tun daga ƙofa an gama lissafi, an san wannan na gwangwani ne, wancan na roba ne mai araha. A kayan sa rana da gaisuwar iyaye yanzu ƙirga katan-katan ake yi a gaban jama'a, a kwatanta da na gidan wane, saurayi ya ci bashi don kada a raina shi. Sannan katan yawo yake yi. Wanda aka kai wa mara lafiya yau, jibi shi ne a gidan suna, ba wanda ya sha, ba wanda ya ji kunya. Mafi muni shi ne na dubiya: a tarar da dattijo kwance da ciwon sukari, an jere masa lemo mai zaƙi a gefen gado, saboda mai kawowa fita kunya ya zo yi, bai tsaya tambayar abin da majinyacin ke iya sha ba. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, amma ban ga ta rage ko katan ɗaya a ɗakin jinya ba.

Tsakanin ƙwarya da katan wani abu na uku ya taso a 'yan shekarun nan. Mata a unguwannin Gesse da Badariya da Rafin Atiku suna haɗa zoɓo da abarba, kunun aya, lamurje da ruwan tsamiya, su ɗura a roba su tallata a WhatsApp. Su ne namu ƙananan masu dafawa, kuma masu saye sun fara cewa na wance ya fi citta, na wance ya cika zaƙi, kamar yadda ake faɗa wa fura. Kayan aikinsu ba abin rainawa ba ne: zoɓon Arewa ake loda wa jiragen ruwa zuwa Meziko, ayar da muke taunawa kuma ita ce abin alfaharin birnin Balensiya a Sifaniya. Rauninsu ɗaya ne, robar da aka tsinto aka wanke. Muddin ita ce mazubi, mai son kai wa surukinsa zai wuce su ya shiga kanti.

Don haka kirana gare su shi ne su sayi sabuwar roba mai hatimi, su manna sunansu da ranar da aka haɗa. Mai zuwa dubiya kuma ya buga waya tukun, ya tambayi mai jinya abin da likita ya yarda a sha.