Gwanintar da ke Ƙafar Direba

Walter Röhrl, Bajamushen direban tseren motoci, ya lashe tseren Monte Carlo sau huɗu da motoci huɗu na kamfanoni daban-daban: Fiat a 1980, Opel a 1982, Lancia a 1983, sai Audi Quattro a 1984. Uku na farko duk masu jan baya ne, wato tayoyin baya kaɗai injin ke juyawa. Ta huɗun kuwa mai jan ƙafa huɗu ce. A watan Janairu ake wannan tsere, kan duwatsun kudancin Faransa, inda direba zai sha kwana guda kan busasshiyar kwalta, ta gaba kuma ya tarar da ƙanƙara shimfiɗe. Duk mai gardamar wace mota ta fi, mai jan baya ko mai jan ƙafa huɗu, ya fara duba wannan mutumin tukuna.

Gardamar tana da asali. Da Audi ta shigo da Quattro fagen tsere a 1981, sai ta riƙa tashi kan tsakuwa da ƙanƙara alhali sauran motoci na ta murza taya a wuri ɗaya. A shekarar ce Michèle Mouton, 'yar Faransa, ta ci tseren Sanremo da ita, ta zama mace ta farko da ta lashe zagaye a gasar duniya. Lancia ta ƙwace kambun kamfanoni a 1983 da mai jan baya, daga nan mai jan ƙafa biyu ba ta sake ɗaukarsa ba. Yau ma wanda ya je sayen Porsche 911 zaɓin nan ne a gabansa, mai jan baya ko mai jan ƙafa huɗu.

Abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa shi ne, jan ƙafa huɗu wajen tashi yake taimako, ba wajen tsayawa ba. Kowace mota da tayoyi huɗu take birki, kuma inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ɗan wurin nan shi ke ɗaukar totur, shi ke ɗaukar birki, shi ke ɗaukar kwana. In ka cinye riƙonsa a abu ɗaya, babu saura ga ɗayan. Mai jan ƙafa huɗu ta fi nauyi da tsada, tana kuma ɓoye wa direba santsin hanya har sai gudu ya yi yawa. Mai jan baya ba ta da rufa-rufa, tun da wuri take nuna halinta. A ganina ita ce malama ta gari, ko da yake ba na ba wa mai zama inda ƙanƙara ke sauka wata huɗu a shekara shawarar ya raina ɗayar.

A makarantun horar da ƙwararrun direbobi ake ganin gwanintar ƙuru-ƙuru. Akan jiƙa fili da ruwa har ya yi sulɓi, ko a tafi kan daskararrun tafkunan Arjeplog a arewacin Suwidin. Malami na gefe, ɗalibi ya shiga kwana, ya ƙara totur, bayan motar ya fara zamewa waje. Sabon shiga yakan cire ƙafa gaba ɗaya, ya kafa ido kan abin da yake tsoron karo da shi, motar ta juya da shi. Gwani kuwa tun a kujera yake jin zamewar kafin ido ya gani. Sai ya murɗa sitiyari ta ɓangaren da bayan ya nufa, ya sassauta totur kaɗan, idonsa na can inda yake son zuwa. Sashe mafi wuya yana biye: da tayoyin sun sake kama ƙasa dole ya mayar da sitiyarin nan take, in ya makara da ƙiftawar ido motar ta wulla shi ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Duka wannan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ne, hannuwansa kuma ba su nuna gaggawa ko kaɗan. Ba banza ba Finland ta sa tuƙi kan santsi cikin horon neman lasisi.

Shi kansa Röhrl, da ya koma Audi yana zakaran duniya har sau biyu, sai da ya sake zama ɗalibi. Injin Quattro yana can gaba, don haka hancinta kan ƙi shiga kwana. Maganin shi ne taka birki da ƙafar hagu alhali ta dama na kan totur: nauyi ya koma kan tayoyin gaba su ciji ƙasa, injin kuma bai yi sanyi ba. Abokin aikinsa Stig Blomqvist, ɗan Suwidin, ya daɗe da ƙwarewa a wannan salo tun yana tuƙa Saab. Röhrl ya dage ya koya, kuma a Monte Carlo na 1984 shi ya zo na ɗaya, Blomqvist na biye da shi.